Luwi Braille: Ɗan Badukun Da Ya Ba Makafi Alƙalami

Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 4 ga Janairun kowace shekara don tunawa da rubutun makafi, kuma tun 2019 ake raya ta. Ranar haihuwar wanda ya ƙirƙiro rubutun ce, wani Bafaranshe mai suna Luwi Braille, wanda ya mutu yau shekara 170 da ɗoriya. Na ga ya dace in kawo wa masu karatu tarihinsa, domin a nan yankinmu, daga Madekali zuwa Malanbil, Garu, Gene da Tumbutu, yawancinmu abu biyu muka san makaho da su: sanda da ɗan jagora. In an yi sa'a a ƙara da hadda. A ce makaho ya ɗauki takarda ya rubuta wasiƙa da hannunsa, ya ajiye, bayan wata guda ya ɗauko ya karanta abinsa ba tare da ya kira kowa ba, wannan sai wasu su ɗauka tatsuniya ce. Alhali kuwa an yi shekara 200 ana yin haka a duniya, kuma yaro ɗan shekara 15 ne ya buɗe ƙofar.

Tsautsayi a rumfar baduku

An haifi Luwi ranar 4 ga Janairu 1809 a Coupvray, wani ƙaramin gari mai nisan kamar kilomita 40 gabas da birnin Faris. Mahaifinsa, Simon-René Braille, baduku ne, yana ɗinka sirdi da ragama da sauran kayan fata na dawakin noma da na jan kaya. Sunan mahaifiyarsa Monique. Luwi ne auta a cikin 'ya'ya huɗu.

Yana ɗan shekara uku ya shiga ɗakin aikin uban, ya ɗauki ɗaya daga cikin kayan aikin masu kaifi yana kwaikwayon yadda ya ga ana yi da fata. Abin ya kuɓuce masa ya soke shi a ido. A wancan zamani babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin na yau. Idon ya kumbura ya lalace, ciwon ya tsallaka zuwa ɗayan, kafin yaron ya cika shekara biyar ya daina gani ɗungurungum.

Faransar wancan lokaci ba ta bambanta da abin da muka saba gani ba. Makaho ɗan talaka bara ce makomarsa, ko a ƙofar majami'a ko a bakin kasuwa. Iyayen Luwi dai ba su bi wannan hanyar ba. Sun bar shi yana yawo cikin gari da sandarsa, suna sa shi 'yan aikace-aikace a gida kamar sauran yara. Limamin majami'ar garin, Jacques Palluy, ya lura yaron yana da kai, ya fara koya masa karatu da baki, daga baya ya roƙi malamin lakwal na garin, Antoine Bécheret, ya karɓe shi. Luwi ya zauna aji ɗaya da masu gani. Ba ya ganin allo, ba ya iya buɗe littafi, abin da mushe ya faɗa shi yake kamawa da kunne ya ajiye a ka, kuma duk da haka yana cikin na gaba-gaba a ajin.

Wannan hanyar ta kunne da hadda mu ma mun san ta, kuma ta fitar da manyan malamai. Dubi Dakta Aliyu Namangi na Zariya, Allah Ya jiƙansa, wanda ya makance tun yana jariri, ya yi karatu a gaban malamai da kunne, ya tsara waƙoƙin Imfiraji da har gobe makafi ke rerawa a kasuwanni da tashoshin ƙasar Hausa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1980, ya rasu a 1990. Sai dai kowane baiti nasa da ya hau takarda, hannun wani ne ya ɗora shi. Nan ne iyakar kunne: yana karɓar ilimi, yana riƙewa, amma mai shi kullum yana jiran wanda zai karanta masa da wanda zai rubuta masa. Ko sirrinsa ne sai ya bi ta bakin wani. Wannan bangon ne Luwi ya tarar a gabansa.

Makarantar da ke da littattafai amma babu alƙalami

A watan Fabrairu 1819, yana ɗan shekara 10, aka samar masa gurbi a makarantar yara makafi ta gwamnati da ke Faris. Ita kanta makarantar tana da tarihin da ya kamata a tsaya a kai. Wanda ya kafa ta, Valentin Haüy, mai gani ne. A 1771 ya ga an tara wasu makafi a wani bikin kasuwa, an sa musu huluna na ban dariya da tabarau na kwali, an ba su kayan kiɗa suna ta hayaniya, jama'a na tuntsira dariya. Abin ya tsaya masa a rai. A 1784 ya ɗauki ɗalibinsa na farko, wani matashi mai bara a ƙofar majami'a mai suna François Lesueur. Da yake da kuɗin barar gidansu ke ci, sai Haüy ya riƙa biyansa abin da zai samu in ya fita, don ya zauna ya yi karatu. Daga nan makarantar ta tashi. Ka ga matsalar da ke hana iyaye sakin yaro makaho ya tafi lakwal ba yau ta fara ba, kuma tun a lokacin an gane cewa wa'azi kaɗai ba ya warware ta, sai an dubi tukunyar gidan.

Lokacin da Luwi ya isa, makarantar tana cikin wani tsohon gini a titin Saint-Victor, mai danshi da duhu, wanda aka taɓa mayar da shi gidan kaso a zamanin juyin juya halin Faransa. Abinci ba isasshe ba, horo mai tsanani, yara da yawa suna fama da tari. Ana koya musu kiɗa da sana'o'in hannu kamar saƙa da yin silifa, sannan da karatu.

Karatun kuwa ga yadda yake. Haüy ya sa an yi manyan haruffan boko na ƙarfe, ana danna su a jikin takarda mai kauri da aka jiƙa, sai siffar harafin ta taso. Yaro zai bi kowane harafi da yatsa, ya zagaya lanƙwasarsa, ya gane shi, sannan ya wuce na gaba. Kafin ya kai ƙarshen jimla ya kusa manta farkonta. Littattafan manya ne, masu nauyi, masu tsada, shi ya sa tsiraru ne a makarantar. Babbar illar ita ce yaro ba zai iya yin irin wannan rubutun da kansa ba, sai da injin ɗab'i. Haruffa ne da aka tsara don ido, aka ce yatsa ya yi haƙuri da su.

Ɗigo goma sha biyu ya koma shida

A 1821 aka kawo wa makarantar wata sabuwar dabara ta Charles Barbier, tsohon hafsan soja mai sha'awar ƙirƙiro hanyoyin rubutu masu sauƙi. Shi ya yi watsi da siffar haruffa gaba ɗaya, ya koma ga ɗige-ɗige masu tudu da ake hudawa a takarda da tsinke. Kowace alama tana da gurbi 12, layi biyu a tsaye, shida-shida. Ya kuma ƙera allo mai ramuka da ake ɗora takarda a kai. Sabon shugaban makarantar, Alexandre Pignier, ya bar yara su gwada. Nan take suka gane yatsa ya fi jin ɗigo a kan lanƙwasa, kuma a karon farko ga shi suna rubutu da hannunsu.

Amma dabarar tana da nata cikas. Yadda aka koyar da ita a makarantar, sauti alamomin ke wakilta, don haka ba ta koya wa yaro ƙa'idar rubutu, abin da duk wanda ya sha wahalar dikte a lakwal ya san muhimmancinsa a Faransanci. Sannan gurbi shida a tsaye ya fi kan yatsa tsawo, sai an ja yatsa sama da ƙasa kafin a gane alama ɗaya.

Luwi yana ɗan shekara 12 a lokacin. Ya ɗauki allon da tsinken ya yi ta gwaji, da dare bayan an kwanta, da lokacin hutu in ya koma Coupvray. Shekara uku yana abu ɗaya. Zuwa 1824, yana da shekara 15, ya kai ga abin da duniya ke amfani da shi har yau: ya rage gurbin zuwa shida, layi biyu a tsaye, uku-uku, daidai abin da kan yatsa ɗaya zai rufe ya ji a taɓawa guda. Ya kuma sa kowace alama ta tsaya a madadin harafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masu gani sun yi shekaru suna neman yadda makaho zai karanta rubutunsu, shi kuwa ya tambayi yatsarsa abin da take iya ji.

Bari in ɗan kwatanta yadda abin yake, don ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Ka ɗauka gurabun dara ne guda shida. Na hagu daga sama zuwa ƙasa su ne 1, 2, 3, na dama kuma 4, 5, 6. In ka cike wasu ka bar wasu, za ka iya fitar da siffa 63 mabambanta. Harafin a ɗigo ɗaya ne a gurbi na 1. Harafin b gurbi na 1 da na 2. Harafin l shi ne 1, 2, 3 duka, i kuma 2 da 4. To ka ga yanzu ka iya rubuta Ali. Luwi ya jera su cikin hikima: haruffa goma na farko, daga a zuwa j, a gurabu huɗu na sama kawai suke. Goma na biye su ne dai waɗancan, an ƙara musu ɗigo na 3. Na bayansu a ƙara 3 da 6. Wanda ya riƙe goman farko ya ci rabin aikin. Lissafi ma da su ake yi: akwai alama guda da in ta gabata, sai a ta zama 1, b ta zama 2, har zuwa j da ke zama sifiri.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake rubutun. Ana sa takarda a cikin allon, a riƙa dannawa da tsinke mai kan katako, wanda in baduku ya gani zai ce basillarsa ce aka gajarta. Da yake tudun ta bayan takardar yake fitowa, daga dama zuwa hagu ake rubutawa, kamar yadda almajiri ke rubuta allonsa, sannan a juya takardar a karanta daga hagu zuwa dama.

Malami, makaɗi, mai ciwon ƙirji

Da ya gama karatu makarantar ta riƙe shi. Ya fara da mataimakin malami a 1828, ya zama cikakken malami a 1833, yana koyar da nahawu, lissafi, tarihi, labarin ƙasa da kiɗa. A 1829, yana ɗan shekara 20, ya wallafa ɗan littafin da ya bayyana tsarinsa, har da yadda za a rubuta alamomin kiɗa da shi. A cikin littafin ya ambaci Barbier, ya ba shi haƙƙinsa na wanda ya fara kawo tunanin ɗigo. A 1837 ya sake fitar da shi da gyare-gyare, ya cire wasu 'yan layuka da ke cikin na farko saboda yatsa ba ta bambance su da kyau, ya bar ɗigo zalla. A shekarar ce kuma makarantar ta buga cikakken littafi na farko da wannan rubutu, wani taƙaitaccen tarihin Faransa mai mujalladi uku.

Luwi Kirista ne mai riƙo da addininsa, kuma gwani ne wajen kaɗa babbar molon majami'a mai bututu, har ya riƙe wannan aiki a majami'ar Saint-Nicolas-des-Champs ta Faris na wasu shekaru. Bai tsaya ga rubutun makafi tsakaninsu ba. Ya damu da yadda makaho zai aika wa mai gani wasiƙa, don haka a 1839 ya fito da wata hanyar zana haruffan boko da ɗige-ɗige yadda ido zai gane su, yatsa ma ta ji su. Wani abokinsa makaho mai basirar ƙere-ƙere, Pierre Foucault, ya ƙera na'urar da ke sauƙaƙa wannan aiki.

Duk wannan yana yin sa ne da ciwo a ƙirji. Tun yana cikin shekarunsa na ashirin tarin fuka ya kama shi, kuma zaman wancan gini mai danshi bai taimaka ba. Ciwon yakan lafa ya dawo, wani lokaci sai ya koma Coupvray ya huta na watanni.

Shekarun haramci

Kada ka ɗauka da fitowar rubutun aka rungume shi. Ɗalibai sun so shi tun ranar farko, amma manya masu gani da yawa ba su so ba. Hujjarsu ita ce rubutun da mai gani ba ya iya karantawa zai ware makafi daga sauran jama'a. A ƙarƙashin wannan hujja akwai wani tsoron: in makafi suna da rubutunsu, suna iya koyar da junansu, ina amfanin malamin da bai iya shi ba?

A 1840 aka kawar da Pignier, wanda ya tsaya wa Luwi, mataimakinsa Pierre-Armand Dufau ya hau kujerar. Dufau ya fi son a ci gaba da haruffan boko masu tudu. Ya hana amfani da ɗige-ɗigen a makarantar, aka ƙwace alluna da tsinakun yara. Yaran kuwa ba su daina ba. Da ƙusa, da cokali mai yatsu, da allurar saƙa suka riƙa huda takarda a ɓoye, manya suna koya wa ƙanana, ana hukunta wanda aka kama, gobe ya sake. Luwi yana cikin makarantar yana koyarwa, yana ganin an haramta wa ɗalibansa abin da ya ƙirƙiro dominsu, ga ciwo yana cin sa.

Wanda ya juya al'amarin shi ne Joseph Guadet, mataimakin Dufau, mai gani, wanda ya zauna ya lura da yadda yaran ke karatu da ɗigon cikin sauri, ya shawo kan maigidansa. A ƙarshen 1843 makarantar ta tashi zuwa sabon gini a titin Invalides, inda take har yau. A bikin buɗe ginin, cikin Fabrairu 1844, aka yi gwaji a gaban manyan baƙi. Aka fitar da yaro ɗaya daga zauren, aka yi wa wani shifta ya rubuta da ɗigo, sannan aka shigo da na wajen aka miƙa masa takardar, ya bi ta da yatsa ya karanto abin da bai ji da kunnensa ba. Daga ranar haramcin ya faɗi a makarantar.

Luwi bai daɗe yana cin moriyar wannan ba. Jikinsa ya ci gaba da rauni har ya rage koyarwa. Ya mutu ranar 6 ga Janairu 1852, kwana biyu bayan ya cika shekara 43, aka kai gawarsa Coupvray aka binne. A cikin kayansa an sami wani ɗan akwati da ya bar wasiyyar a ƙona. Takardun bashi ne na kuɗin da ya ranta wa ɗalibai da abokai daga ɗan albashinsa, aka ƙona su kamar yadda ya nema. Mutuwarsa ba ta yi wani amo a birnin ba.

Bayan shekara biyu, a 1854, hukumomin Faransa suka amince da rubutun a hukumance. A 1878 wani babban taro na masu ilmantar da makafi da aka yi a Faris ya zaɓe shi a kan sauran tsare-tsaren da ke gogayya da shi. A 1952, shekara 100 da mutuwarsa, aka ɗauke ƙasusuwansa zuwa Panthéon, inda Faransa ke ajiye manyan mutanenta. Mutanen Coupvray suka nemi a bar musu wani abu, aka bar musu ƙasusuwan hannayensa. Gidan da aka haife shi yanzu gidan tarihi ne.

Daga Faransanci zuwa Larabci da Hausa

Na san abin da wani zai raya a ransa: wannan ai rubutun Nasara ne, na 'yan majami'a. To, gurabu shidan nan ba su da yare. A 1951 aka yi taro a Bairut ƙarƙashin hukumar UNESCO aka daidaita yadda za a rubuta Larabci da su, kuma a 1952 aka buga Alƙur'ani da wannan rubutu a ƙasar Jodan. Yau ana buga shi a Saudiyya, Masar, Indonesiya da wasu ƙasashe, cikin mujalladai da yawa saboda ɗigo yana cin wuri. Alif ɗigo ɗaya ne kamar a, ba'un kamar b, lam kamar l, kuma fataha da kasra da damma kowace da alamarta. Makahon da ya haddace, in aya ta shige masa, yana iya buɗe Mus'hafinsa ya duba da kansa cikin dare ba tare da ya tashi kowa ba. Mu da muka san dalilin saukar Suratu Abasa, da matsayin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, Allah Ya yarda da shi, makahon da ya yi ladanci a Madina har aka riƙa bar masa riƙon garin, bai kamata a ce mu ne na baya wajen ba makaho hanyar neman ilimi ba.

Hausa ma ba a bar ta ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kowanne yana da alamarsa a rubutun makafi. A Najeriya tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri ta jihar Filato. A Yamai akwai makarantar Soli Abdourahmane. A nan Benin akwai cibiyar makafi ta Sègbèya a Kwatano, kuma yara makafi suna zana jarrabawar CEP da BEPC da BAC da wannan rubutu, suna ci.

Abin da ya rage mana

Kwarin kogin Kwara ya daɗe da sanin makanta. Iyayenmu sun ga zamanin da cizon baƙin ƙudan bakin ruwa ke makantar da magidanta, har aka yi gagarumin shirin yaƙi da cutar a Afirka ta Yamma daga 1974 zuwa 2002, wanda Benin da Nijar suna ciki. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta farko a Afirka. Amma ƙyanda, amosanin ido, hawan jinin ido da tsautsayi irin na Luwi ba su ƙare ba, don haka yara makafi suna nan a gidajenmu. Kuma duk inda aka sa makaho bara, mutum biyu aka cire daga karatu: shi da yaron da ke riƙe masa sanda.

Matsalarmu ta gaske nisa ce. Daga Malanbil zuwa Kwatano ya haura kilomita 700, kuma ba kowace uwa ce za ta saki ɗanta ɗan shekara bakwai, wanda ba ya gani, ya tafi garin da ba a jin yarensa ba. Ban ga laifinta ba. Sai dai a tuna Luwi ma a lakwal ɗin garinsu ya fara, a aji ɗaya da masu gani, saboda mushe ɗaya ya yarda ya karɓe shi. Kayan aikin kuma ba su fi ƙarfinmu ba: allo, tsinke da takarda mai kauri. Mai gani yana iya koyon haruffan da ido cikin ɗan lokaci. In da kwaminmu za ta tura malamai ko biyu su koyo, ɗaya na lakwal ɗaya na makarantar allo, yaro zai iya fara karatu yana kwana a ɗakin uwarsa, sai ya yi wayo a yi maganar tafiya nesa. Dokar ƙasa ta 2017 mai kare haƙƙin naƙasassu ta ba shi 'yancin karatu kamar kowane yaro, saura a tashi a nema masa.

Wasu za su ce yanzu ai waya tana magana, tana karanta wa makaho saƙo. Gaskiya ne, kuma ni'ima ce babba. Amma waya kunne ne dai aka ƙara wa ƙarfi. Ba ta nuna wa yaro yadda ake jera haruffan kalma, ba ta maye gurbin takardar lissafi da zai bi layi-layi, kuma in caji ya ƙare ta yi shiru. Ba wanda zai yarda a hana ɗansa mai gani koyon rubutu don akwai rediyo a gida.

Kirana ga duk wanda ke da yaro ko ƙane ko maƙwabci marar gani shi ne ya je ofishin kula da jin daɗin jama'a na kwamin ya sa a rubuta sunan yaron, ya tambayi inda ake koyar da rubutun makafi mafi kusa, ya kuma kai maganar gaban limami da shugaban lakwal na unguwarsu. 'Yan kasuwarmu masu fitar da zakka da sadaka kuwa, allo da tsinke da kuɗin motar yaro ɗaya zuwa makaranta sun fi ɗari-ɗarin da ake jefawa a ƙoƙo ranar Juma'a daɗewa. Allah Ya ba mu ikon yi.